Alhakin mutuwar Romeo da Juliet

Alhakin mutuwar Romeo da Juliet tambaya ce da masu nazarin adabi suka daɗe suna ja-in-ja a kanta. Ta shafi wasan kwaikwayon da William Shakespeare (1564–1616) ya rubuta a Ingila, ana jin tsakanin 1591 da 1596, aka fara buga shi a 1597, aka sake fitar da bugu mafi cika a 1599. Wasan ya ƙare a ɗakin kaburburan gidan Capulet a birnin Verona na Italiya: Romeo ɗan gidan Montague ya sha guba, Juliet 'yar gidan Capulet ta daɓa wa kanta wuƙarsa. Ban da su akwai wasu rayuka huɗu da suka salwanta, wato Mercutio abokin Romeo, Tybalt ɗan'uwan Juliet, Paris mai neman aurenta da mahaifiyar Romeo, wadda baƙin cikin korar ɗanta ya kashe. A jawabin ƙarshe Sarkin Verona, Escalus, ya ce za a yafe wa wasu a hukunta wasu, amma bai kama sunan kowa ba. Daga wannan giɓi muhawarar ta samo tushe.

Asalin labarin da hukuncin marubutan farko

Shakespeare ya tarar da labarin ya riga ya tsufa. Tun a zamanin Rumawa mawaƙi Ovid ya ba da labarin Pyramus da Thisbe, masoyan da iyaye suka raba, saurayin ya zaci budurwar ta mutu ya kashe kansa, ita ma ta bi shi. Amma silsilar da ta kai ga wannan wasa ta fara ne a Italiya. A 1476 aka buga tarin labaran Masuccio Salernitano, cikinsu akwai na wasu masoya a birnin Siena. Akwai auren ɓoye, akwai maganin da ke sa mutum ya yi kama da gawa, akwai saƙon da bai isa ba domin 'yan fashin teku sun kama ɗan aiken. Abin da babu shi ne gaba tsakanin dangi. A can hukuma ce ta fille kan saurayin saboda kisan da ya yi, budurwar kuma ta mutu da baƙin ciki.

Luigi da Porto ne, wajen 1530, ya mayar da labarin Verona, ya raɗa wa masoyan sunayen Romeo da Giulietta, ya kuma shigo da gabar gidaje biyu, Montecchi da Cappelletti. Waɗannan sunaye sun zo a waƙar Dante tun ƙarni na 14, sai dai a can ɓangarorin siyasa ake nufi, kuma ba a sami wata shaidar tarihi da ta tabbatar da cewa masoyan sun taɓa rayuwa ba. Matteo Bandello ya faɗaɗa labarin a 1554. A wajen waɗannan biyun, budurwar takan farka saurayin yana da sauran numfashi, su yi bankwana, sannan ta riƙe numfashinta har rai ya yi halinsa. Pierre Boaistuau, wanda ya juya shi zuwa Faransanci a 1559, shi ne ya sa Romeo ya mutu kafin ta farka, ya kuma sa ta yi amfani da wuƙa.

Daga Faransanci Arthur Brooke ya ɗauko shi ya mayar da shi waƙar Ingilishi mai layi fiye da 3,000 a 1562, kuma ita ce madogarar Shakespeare ta kusa. Brooke bai ɓoye wanda yake zargi ba. A gabatarwarsa ya ce masoyan sun bautar da kansu ga sha'awa marar kyau, sun yi watsi da ikon iyaye da shawararsu, sun riƙa kai sirrinsu wajen tsofaffin mata mashaya da limaman Katolika masu camfi, sun kuma ɓata sunan aure da ɗaura shi a ɓoye. Brooke ɗan Furotesta ne, zamanin kuwa na tsananin ƙiyayya ne ga cocin Rum, saboda haka ba abin mamaki ba ne limamin da ya ɗaura auren ya sha suka. Abin lura shi ne waƙar kanta ta fi gabatarwar tausayi ƙwarai. Tana yawan kuka da juyin sa'a, kuma a ƙarshe ta raba hukunci dalla-dalla. An kori uwar goyon Juliet daga gari saboda ta ɓoye wa iyaye auren. An rataye mai sayar da guba. An sallami yaron Romeo domin umarnin ubangidansa ya bi. Limamin an wanke shi saboda hidimar da ya daɗe yana yi wa gari, ya koma zaman kaɗaici a bayan Verona, ya mutu bayan shekara biyar.

Abin da Shakespeare ya sauya

Wannan jerin hukunci Shakespeare ya cire shi gaba ɗaya, kuma sauye-sauyen da ya yi sun karkata nauyin laifin zuwa wani waje. Ya rage shekarun Juliet: a wajen Brooke tana dab da 16, a nan ba ta cika 14 ba, saura mako biyu da 'yan kwanaki. Ya matse lokaci: abin da ya ɗauki kusan wata tara a waƙar ya koma ƙasa da mako guda. Sun haɗu daren Lahadi, an ɗaura aure ranar Litinin, a ranar Romeo ya kashe Tybalt, da asubar Talata ya bar gari, daren Talata Juliet ta sha maganin da ke sa mutum ya yi kama da gawa. Lissafin abin da ya biyo baya bai daidaita sosai ba. Wasu na sa mutuwar a asubar Alhamis, wasu a ta Juma'a.

Ya kuma buɗe wasan da faɗan titi, inda bayin gidan Capulet suka tsokani na Montague ba gaira ba dalili, kafin mai kallo ya ga fuskar Romeo ko Juliet. Mercutio, wanda Brooke ya ambata a gurguje a wajen liyafa, ya zama babban ɗan wasa, kuma mutuwarsa ce ta juya akalar labarin.

Gabar gidaje biyu da dattawan gari

Babu inda wasan ya faɗi abin da ya haɗa gidajen biyu faɗa. Tsohuwar gaba ce kawai da yara suka tarar, suka gada. Mai buɗe fage, wato wanda ke gabatar da wasan, ya faɗa tun farko cewa ba abin da zai kashe fushin iyayen sai mutuwar 'ya'yansu. Mercutio, wanda ba ɗan ko ɗaya daga gidajen ba ne, da aka soke shi ya yi ta nanata tsinuwa a kan gidajen biyu tare. Sarki ma a kan gawarwakin ya kira Capulet da Montague ya ce su dubi bulalar da ƙiyayyarsu ta jawo, sannan ya haɗa da kansa: ya ce don ya kau da kai daga rikicinsu ya rasa 'yan uwansa biyu, Mercutio da Paris. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a cikin rubutun kansa, kuma da wuya a sami wani zargi da ba ya komawa gare ta. Ba don gabar ba, da babu dalilin ɓoye aure, babu takobin Tybalt, babu korar Romeo zuwa birnin Mantua.

Tsoho Capulet, mahaifin Juliet, shi ne ya fi ɗaukar hankalin masu nazari, domin mutum biyu ne a jiki ɗaya. A kashi na farko ya ce wa Paris ya dakata shekara biyu yarinyar ta ƙara girma, ya je ya nemi soyayyarta, yardarsa tana bin tata. A wajen liyafa shi ne ya tsawata wa Tybalt, ya ce mutanen Verona suna yabon Romeo da natsuwa. Kwana ɗaya bayan haka, ba a ma gama makokin Tybalt ba, ya tsayar da ranar Alhamis don aurenta da Paris ba tare da ya tambaye ta ba. Da ta durƙusa tana roƙo, ya ce hannunsa na ƙaiƙayi, ya ce ko ta bi Paris coci ko ta je ta yi bara, yunwa ta kashe ta a titi. Uwarta ta ce ta wanke hannunta daga lamarinta. Yarinya 'yar shekara 13 ta juya ga uba, ta juya ga uwa, ta juya ga wadda ta shayar da ita, duka a fitowa ɗaya, kowa ya rufe mata ƙofa. Daga baya a wannan ranar, da ta nuna kamar ta amince, murna ta sa ya jawo bikin zuwa Laraba, wanda ya cinye kwana guda daga lokacin da saƙon sanar da Romeo cewa mutuwarta ta ƙarya ce yake buƙata ya isa Mantua. Masu kare shi suna cewa bai san an riga an ɗaura mata aure ba, kuma a ganinsa yana neman ya share mata hawaye ne. Gaskiya ne bai sani ba. Amma auren dole ne ya yi niyya, kuma gidan da ya gina ba wanda 'ya za ta iya faɗin gaskiya a cikinsa ba ne.

Fada Laurence da uwar goyo

Fada Laurence, limamin cocin da masoyan suka kai wa sirrinsu, ya yarda ya ɗaura auren ne da fatan ya sulhunta gidajen. Shi ne mai wa'azin a bi sannu, mai gudu shi ke tuntuɓe, amma duk dabarar da ya kawo ta fi ta baya haɗari: auren sirri, sannan maganin da zai kwantar da Juliet kamar gawa na awa 42, sannan wasiƙa guda ɗaya tak zuwa ga Romeo a hannun mutum guda. Bai taɓa gwada zuwa wajen iyayen ko wajen Sarki ya fasa ƙwai ba. Mafi muni shi ne abin da ya faru a kabari. Juliet ta farka, mijinta na kwance a mace kusa da ita, ya ce ta taso ya kai ta gidan mata masu zaman ibada; da ya ji motsin masu gadi sai ya ce ba zai iya ƙara tsayawa ba, ya fice ya bar ta da wuƙa a kusa. Daga baya ya ba da labarin komai a gaban Sarki, ya ce in da laifinsa a ɗauki ransa. Sarki ya amsa da cewa sun daɗe da saninsa mutumin Allah ne.

Uwar goyon ita ce 'yar aiken auren, ita ta kawo tsanin igiya, kuma ita ce ta ce Juliet ta manta da Romeo ta auri Paris. Bayan an tarar da Juliet kamar matacciya ba a sake ganin uwar goyon ba.

Masoyan kansu

Masu ɗora laifin a kan Romeo suna da abin riƙewa. Da safe yana kukan Rosaline, budurwar da yake so kafin Juliet, da dare ya manta da ita. Ya kashe Tybalt cikin fushi bayan Sarki ya yi gargaɗin kisa. A ɗakin Fada ya zaro wuƙa zai kashe kansa tun a kan hukuncin kora. Da yaronsa Balthasar ya kawo labarin mutuwar Juliet, bai nemi ganin Fada ba, ya wuce wajen wani matalaucin mai haɗa magunguna ya ba shi tsabar zinariya 40, alhali dokar Mantua kisa ce ga mai sayar da guba. Mutumin ya ce talaucinsa ne ya yarda, ba zuciyarsa ba. A cikin kabarin Romeo ya duba fuskarta ya ga leɓɓanta da kumatunta ba su kwashe ba, har ya yi mamakin yadda mutuwa ba ta taɓa kyawunta ba, amma bai tsaya ya tambayi kansa dalili ba. Da ta farka ta sumbace shi, leɓɓansa da sauran ɗumi.

Sai dai shigarsa faɗan Mercutio da Tybalt don raba shi ne, kuma ta ƙarƙashin hannunsa aka soki Mercutio. Juliet kuwa ita da bakinta ta ce wannan alkawari ya yi sauri, kamar walƙiya, ko da yake ita ce ta fara kawo maganar aure. Kashe kai babban zunubi ne a koyarwar cocin zamanin, amma ba wanda ya tsine musu a fitowar ƙarshe; iyayen ma alkawarin gina musu mutum-mutumi na zinariya suka yi.

Ƙaddara da tsautsayi

Mai buɗe fage ya kira su masoyan da taurari suka juya wa baya, Romeo kuma ya kira kansa abin wasan sa'a. Tsautsayi ya taka rawa sau da dama. Bawan Capulet da bai iya karatu ba ya tare Romeo a hanya ya karanta masa sunayen waɗanda aka gayyata. Fada John, mai ɗauke da wasiƙar, ya biya neman abokin tafiya, masu binciken annoba suka rufe su a gida bisa zargin cutar ta shiga. Mutanen Landan sun san wannan sarai, domin annoba ta rufe gidajen wasa a mafi yawan lokacin 1592 zuwa 1594.

Ra'ayoyin masana

A. C. Bradley bai sa wasan cikin manyan wasanni huɗu da ya nazarta a 1904 ba. H. B. Charlton ya ga cewa ƙaddara da gabar ba su da ƙarfin da zai sa mutuwar ta zama tilas. Franklin Dickey, a 1957, ya koma kusa da Brooke, ya ɗora nauyin a kan soyayyar da ta wuce kima. Susan Snyder ta nuna cewa wasan yana tafiya kamar na barkwanci har zuwa mutuwar Mercutio. Coppélia Kahn ta ce gabar ita ce makarantar da ake koya wa samarin Verona cewa namiji shi ne mai zare takobi don sunan ubansa. Ba a cimma matsaya ba.

A dandamali

Masu shirya wasan sun sha gyara ƙarshensa. Bayan sake buɗe gidajen wasa a 1660, an ruwaito cewa James Howard ya yi wani salo da masoyan suka rayu, ana nuna shi yau, gobe a nuna mai mutuwar. Thomas Otway, wajen 1679, ya mayar da labarin tsohuwar Rum ya kuma dawo da farkawar budurwar kafin saurayin ya cika. David Garrick ya riƙe wannan a 1748, daga baya ya share batun Rosaline, abin da ya wanke Romeo daga zargin saurin canza zuciya. Salonsa ya yi kusan shekara ɗari yana mulkin dandamali. Shirye-shiryen zamani sukan yanke kisan Paris ko su taƙaita dogon bayanin Fada. A makarantun sakandare na ƙasashe da dama tambayar tana cikin waɗanda aka fi ba ɗalibai su yi rubutu a kai.