Mutum nawa jirgin zai ɗauka? Waiwaye kan dokokin jiragen yawon buɗe ido a tafkunan Amurka

A shekarar 1891 wani ɗan kasuwa mai suna E.C. Waters ya fara ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a tafkin Yellowstone da ke cikin gandun ƙasa mai wannan suna a Amurka, cikin wani jirgi mai aiki da tururi da ake kira Zillah. Kasuwa ta yi masa kyau, sai a 1905 ya sa aka ƙera masa wani ƙato, ya raɗa masa sunan kansa, ya ce zai riƙa ɗaukar mutum 500 a tashi ɗaya. A lokacin sojoji ne ke riƙe da gandun, don ba a kafa hukumar kula da gandayen ƙasa ba sai a 1916. Hukuma ta ƙi amincewa da wannan adadi. Dama koke-koke sun yi yawa a kan mutumin, daga na tsawwala kuɗi har zuwa na wulaƙanta dabbobin da ya tsare a wani tsibiri don jawo 'yan kallo. A 1907 aka hana shi shiga gandun baki ɗaya, jirgin kuma ya ruɓe a gefen tsibirin Stevenson.

A nan hukuma ce ta riga masifa isowa, kuma ba kasafai hakan ke faruwa ba. Mafi yawan dokokin da ke kan jiragen fasinja a Amurka sai da aka tsamo gawarwaki sannan aka rubuta su. A watan Yunin 1904 jirgin General Slocum ya kama da wuta a birnin New York, mutum sama da 1,000 suka mutu, galibinsu mata da yara, aka kuma tarar rigunan ceton da ke ciki sun ruɓe tun tuni. Wannan ya sa aka tsananta binciken manyan jirage, amma ƙananan masu inji suka ci gaba da cin karensu babu babbaka. Sai a watan Satumbar 1951 da wani ƙaramin jirgin masu zuwa kamun kifi na nishaɗi, Pelican, ya kife kusa da garin Montauk a jihar New York, mutum 45 suka halaka, sannan aka lura cewa ƙanƙantarsa ta fitar da shi daga cikin jiragen da doka ta ce a bincika. Dokar 1956 ta toshe wannan kafa. Daga nan aka ja layin da ake aiki da shi har yau: jirgin da ke ɗaukar fasinja fiye da 6 don kuɗi sai dakarun tsaron gaɓar teku sun bincike shi sun ba shi takardar shaida, wanda bai wuce 6 ba kuwa, lasisin matuƙi da kayan kariya ake nema a wurinsa.

A gandayen tarayya akwai ƙarin wani mataki. Ba a yin kowace irin sana'a a cikin gandu sai da izini, kuma tun bayan dokar 1998 ƙananan masu kai mutane yawo suna karɓar takardar izini wadda ba ta wuce shekara 2. Sharuɗɗan sun bambanta daga gandu zuwa gandu, amma abubuwan da aka fi maimaitawa su ne lasisin matuƙi, inshora, horon taimakon gaggawa, rigar ceto daidai da jikin kowane fasinja har yara, bayanin kariya kafin a tashi, da kai rahoton duk wani haɗari. A 'yan shekarun nan an ƙara binciken jikin jirgi da injinsa, saboda wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke maƙalewa a ƙasan jirgi su yaɗu daga tafki zuwa tafki; an gano su a tafkin Mead a 2007.

Duk wannan a takarda ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wa ke da ikon binciken, kuma yaushe rabon a sake duba abin da aka rubuta.

Tafkin George yana cikin gandun Adirondack na jihar New York, kuma jami'an jihar ne ke binciken jiragensa, ba na tarayya ba. Ranar Lahadi, 2 ga Oktoba, 2005, wani jirgi mai tsawon kimanin mita 12 da ake kira Ethan Allen ya tashi da fasinja 47, yawancinsu tsofaffi daga jihar Michigan da suka zo kallon ganyaye a lokacin kaka. Gari garau, babu iska, babu hadari. Matuƙin ya juya akala don ya tari igiyar ruwa, jirgin ya karkata, mutane suka zame gefe ɗaya a kan bencina, cikin daƙiƙoƙi ya kife. Mutum 20 suka mutu.

A wajenmu idan kwale-kwale ya kife, abin da ake fara faɗa shi ne an yi masa lodi fiye da ƙa'ida. A tafkin George ba a wuce ƙa'ida ba. Takardar jirgin ta ce fasinja 48 da ma'aikata 2, ga shi fasinja 47 aka ɗauka. Ƙa'idar ce ta fi ƙarfin jirgin. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasa, NTSB, ta yi gwaje-gwaje, ta fitar da rahoto a 2006 cewa a yanayin da jirgin yake a ranar, bai kamata ya ɗauki fiye da mutum 14 ba.

Yaya aka yi 14 ta zama 50? An ƙera jirgin ne a shekarun 1960, ya yi aiki a jihar Connecticut, inda jami'an tarayya suka rubuta masa wancan adadi. Da aka kawo shi tafkin George a 1979, jihar New York ta karɓi adadin yadda ta same shi. A tsawon shekarun an yi wa jirgin rumfa, daga baya aka sauya ta da ta katako mai tagogi, kuma babu wanda ya sake gwada ko zai iya tsayuwa daidai da sabon nauyin da ke samansa. Nauyi idan ya hau sama, jirgi yana saurin rinjaya. Ga kuma wani lissafi da ya tsufa ba a sani ba: ana ƙiyasta kowane fasinja a kan laba 140, wato kimanin kilo 64, alhali mutanen da ke cikin Ethan Allen sun haura wannan nesa ba kusa ba. NTSB ta riga ta ja hankali a kan wannan ma'auni bayan wani jirgin haya ya kife a Baltimore a watan Maris na 2004. Jihar New York ta ɗaga nata zuwa laba 174 jim kaɗan bayan haɗarin. Na tarayya bai koma laba 185, kimanin kilo 84, ba sai a Disambar 2011, abin da ya tilasta wa jirage da yawa rage yawan kujerun da suke sayarwa.

Hukuncin da ya biyo baya shi ne abin da ya fi ci wa iyalai rai. Laifin da aka iya kama kamfanin da matuƙin da shi, shi ne tashi da ma'aikaci ɗaya maimakon biyu, kuma tarar dala 250 aka ci kowannensu. Da iyalan suka kai ƙarar jihar kan sakacin masu bincikenta, kotun ƙolin jihar ta yanke a 2012 cewa ba za a ɗora wa gwamnati alhakin ba. Ke nan takardar da fasinja ya dogara da ita ya shiga jirgi, wanda ya sa mata hannu ba ya ɗaukar nauyinta idan ta zama ƙarya. A ganina wannan ne babban raunin tsarin, kuma ba a gyara shi ba.

Labarin rumfa bai tsaya a nan ba. Akwai wasu motoci masu shiga ruwa da aka ƙera wa sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda Amurkawa ke wa laƙabi da agwagwa. Bayan yaƙi 'yan kasuwa suka mayar da su na yawon buɗe ido: a zaga gari a kan titi, sannan a faɗa tafki. Ranar 1 ga Mayu, 1999, ɗaya daga cikinsu, Miss Majestic, ta nutse a tafkin Hamilton na jihar Arkansas bayan wata roba da ke toshe ruwa a ƙasanta ta saki. Mutum 13 cikin 21 suka mutu, da yawansu rumfar ce ta danne su suka kasa fita. A 2002 NTSB ta ba da shawara mai sauƙin fahimta: ko dai a sa wa motocin abin da zai hana su nutsewa ko da ruwa ya cika su, ko a cire rumfar. Ta kuma yi wani gargaɗi da ke da ban tsoro, cewa a ƙarƙashin rumfa rigar ceto kanta na iya zama ajalin mutum, domin za ta ɗaga shi sama ta manna shi da rufin yayin da motar ke yin ƙasa. Amma NTSB shawara kawai take bayarwa, ba ta da sanda. Shawarar ta kwanta.

Ranar 19 ga Yuli, 2018, wata agwagwar ta shiga tafkin Table Rock kusa da garin Branson a jihar Missouri da mutum 31. Fiye da minti 20 kafin nan hukumar hasashen yanayi ta fitar da gargaɗin guguwa mai ƙarfi a yankin. Takardar motar ta hana ta shiga ruwa idan gudun iska ya wuce mil 35 a awa, iskar da ta same su kuwa ta haura mil 70. Ruwa ya yi ta shiga ta gaba har ta nutse. Mutum 17 suka mutu, 9 daga cikinsu 'yan gida ɗaya. Wannan karon dokar tana nan, a rubuce, amma babu wani a kamfanin da ya ce a dakata. A rahotonta na 2020, NTSB ta ɗora laifin a kan kamfanin, sannan ta haɗa da dakarun tsaron gaɓar teku saboda watsi da shawarar 2002.

Sai kuma tsohuwar tambayar ikon wa ta sake ɗago kai. Gwamnatin tarayya ta gurfanar da matuƙin da wasu shugabanninsa biyu, amma a Disambar 2020 kotu ta kori ƙarar, bisa hujjar cewa Table Rock ba ya cikin ruwayen da dokar teku ta tarayya ke hukunci a kansu, tunda madatsun ruwa sun raba shi da hanyoyin sufurin kasuwanci. Abin mamaki, jami'an tarayyar ne suka bincika motar suka ba ta takarda. Ikonsu ya kai su ba da izini, bai kai su hukunta ba.

Majalisar dokokin tarayya ta shiga maganar a Disambar 2022, inda ta cusa sharuɗɗan cikin dokar kasafin tsaro. A 2023 ƙa'idar ta fara aiki: a cire rumfa da labulen tagogi ko a sa irin waɗanda ba za su hana fita ba, fasinja su sa rigar ceto idan an shiga ruwa, a ƙara famfon kwashe ruwa da ƙararrawar gargaɗi. Shekara 21 ke nan tsakanin shawarar da fara aikin ƙa'idar. Ita ma agwagin kawai ta shafa. Jirgin yawo na yau da kullum da ke kan tafkin da yake hannun jiha yana nan ƙarƙashin dokar wannan jihar, kuma jihohin ba su daidaita a kan sau nawa ake bincike ko wa ke sake gwada jirgi bayan an yi masa gyara ba.