Kartar tarot mai zanen kyanwa

Kartar tarot mai zanen kyanwa nau'i ce ta kartar tarot da ake zana maguna a jikinta a madadin mutane, ko tare da su. Tarot karta ce mai hotuna da ake wasa da ita, ake kuma duba da ita. Galibi kamfanonin Amurka da Turai ne ke wallafa ta. Galibi yawan katunan da jerinsu ba su canja ba, zanen aka sake. A karkarar Kano da Jigawa ba kaya ba ce da ake kasawa a kasuwa. 

Asali

Karta ta shiga Turai wajajen shekarun 1370, kuma masana tarihi sun fi karkata ga cewa daga Masar ta fito, zamanin daular Mamluk. Kartar Mamluk gida huɗu gare ta: kofuna, sulalla, takubba da sandunan ƙwallon dawaki. Akwai ragowar wani saiti nata da aka adana a fadar Topkapi da ke Istanbul. Turawan lokacin ba su san ƙwallon dawaki ba, sai suka mayar da sandunan kulake ko sanduna zalla.

Ita tarot a arewacin Italiya ta ɓulla, wajajen 1440, a biranen Milan da Ferrara da Florence. An ɗauki gidajen nan huɗu aka ƙara musu wasu katuna masu hotuna, irin su Sarkin Sarakuna, Fafaroma, Mutuwa, Rana da Wata, waɗanda ke cinye sauran a wasa. Daga cikin tsofaffin da suka rage akwai saitin Visconti-Sforza, wanda aka zana da hannu aka yi wa adon zinare don masu mulkin Milan. Fiye da shekara 300 abin wasa ce kawai, kuma har gobe ana buga ta a matsayin wasa a Faransa da Austiriya.

Maganar duba daga baya ta shigo. A 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya yi da'awar cewa hotunan ɓoyayyen ilimin tsohuwar Masar ne. Ba shi da hujja, a lokacin ma ba a iya karanta rubutun Fir'aunoni ba, amma zancen ya samu shiga. Cikin shekarun nan na 1780 wani mai suna Jean-Baptiste Alliette, wanda aka fi sani da Etteilla, ya wallafa yadda ake duba da ita. Saitin da ya fi tasiri a yau shi ne wanda aka buga a Landan a 1909, Arthur Edward Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana. Ita ce ta ba kowane ƙaramin kati hoto mai labari, a maimakon a jera kofi biyar ko takobi bakwai kurum.

Tsari

Katunan 78 ne. Manya 22, daga Wawa mai lamba 0 zuwa Duniya mai lamba 21. Ƙanana 56, gida huɗu, kowane gida 14: daga ɗaya zuwa goma, sai bara, barde, sarauniya da sarki.

Shigowar kyanwa

A saitin 1909 akwai baƙar kyanwa zaune a gaban Sarauniyar Sanduna, amma wannan kati ɗaya ne. Cikin saitukan farko da suka shahara da maguna akwai Tarot of the Cat People na Karen Kuykendall, wanda kamfanin U.S. Games Systems ya fitar a 1985. A cikinsa mutane na nan, maguna na rakiya. Baroque Bohemian Cats' Tarot, da ya fito daga birnin Prague wajajen 2004, ya sanya wa magunan tufafin fadawan Turai na da. Cat's Eye Tarot na Debra Givin, likitar dabbobi, ya bar su a maguna sak, ba riga ba hula, yana bambance gidajen da launin gashi. Akwai kuma Mystical Cats Tarot na 2014 da Cat Tarot na Megan Lynn Kott na 2019.

Kusan duka tsarin Waite da Smith suke bi, shi ya sa ake tallata su ga mai koyo: littafin bayanin wancan saitin yana aiki a kansu. Wani dalilin shi ne katunan da ke tsorata baƙo, kamar Mutuwa da Shaiɗan da Ratayayye, sukan yi sauƙin kallo idan muzuru ne a ciki. Masu talla kan danganta kartar da Bastet, gunkiyar tsohuwar Masar mai kan kyanwa, ko da yake wannan ado ne aka liƙa daga baya.

Amfanin yau da kullum

Mai yi yakan cakuɗa katunan da safe ya zaro ɗaya, ya duba ma'anarsa a ɗan littafin da ke cikin kwalin. Wasu kan jera uku, na jiya da na yau da na gobe. Katin da ya fito a juye akan ba shi wata fassara dabam. Babu shaidar kimiyya da ta nuna katunan na faɗin abin da zai faru, kuma da yawa cikin masu yi sun ce tunani kawai suke tayarwa da su.

A karkarar Kano da Jigawa

Kartar da aka sani a majalisun samari, daga ƙauyukan Wudil zuwa na Ringim da Gumel, ta wasa ce, tare da Whot, kuma dattawa na kallonta da zargin caca. Duba kuwa hanyarsa dabam: bugun ƙasa, inda mai duba ke baje rairayi a faifai ko a ƙasa yana ɗiga layuka da yatsa har ya fitar da gidaje 16, sai kuma watsa wuri. Mai neman sanin ɓarawon akuyarsa ko makomar auren 'yarsa can yake zuwa, sau da yawa a ɓoye.

Ita kanta mage ba abar ado ba ce a nan. Aikinta tsare rumbu da ɗakin hatsi daga ɓera, abincinta ragowar tuwo, ba kasafai ake raɗa mata suna ba. Ana ganin ta da tsarki, ana tuna laƙabin sahabi Abu Huraira, wato mai 'yar kyanwa. Amma baƙar mage da dare wasu na danganta ta da aljanu ko mayu, don haka hoton da Bature ke gani abin sha'awa yana iya zama abin a'uziyya ga mutumin ƙauye.

Hukunci

Malaman Musulunci sun haramta duba kowane iri, suna kafa hujja da hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Zanen kyanwa bai canja wannan ba. Majami'u da dama ma sun hana.