Cape Fear (fim ɗin 1962)

Cape Fear fim ne na Amurka mai sa faɗuwar gaba, wanda ya fito a 1962. J. Lee Thompson, ɗan Birtaniya, shi ya ba da umarni. James R. Webb ya tsara labarin daga littafin John D. MacDonald mai suna The Executioners, wanda aka buga a 1957, kamfanin Universal kuma ya rarraba fim ɗin. An ɗauke shi da hoto baƙi da fari, wani ɓangarensa a garin Savannah na jihar Jojiya. Sunan ya samo asali ne daga kogin Cape Fear na jihar Karolina ta Arewa, inda labarin ya ƙare.

Labarin

Sam Bowden lauya ne mai mutunci, yana zaman lafiya da matarsa Peggy da 'yarsu Nancy. Gregory Peck ne ya fito a matsayinsa, Polly Bergen matar, Lori Martin kuma 'yar. Shekaru takwas kafin nan, Bowden ya ci karo da wani mutum, Max Cady, yana cin zarafin wata mace, ya kuma tsaya shaida a kotu har aka ɗaure shi. Da Cady ya gama wa'adinsa, sai ya biyo sawun Bowden har garinsu da ƙullin ramuwa a ransa.

Abin da ya bambanta wannan fim da ire-irensa shi ne Cady bai zo da wuƙa a hannu ba. Ya yi zaman kurkuku yana karanta doka, ya san iyakar da zai taka ba tare da an kama shi ba. Sai dai a gan shi a harabar kotu, ko a wurin wasan da iyalin suka je, ko a bakin ruwa yana ƙura wa yarinyar ido, da hular malfa a ka da sigari a baki. Aka sa wa karen gidan guba ya mutu, babu mai shaidar wanda ya yi. Shugaban 'yan sanda, wanda Martin Balsam ya taka, ya yi ƙoƙarin takura masa, sai Cady ya ɗauki lauya ya yi ƙorafin ana tauye masa haƙƙi. Wata mata da ya lakaɗa wa duka ta ƙi zuwa kotu don gudun tonon asiri, ta tattara kayanta ta bar garin.

Nan ne Bowden ya fara zamewa daga turbarsa. Ya ɗauki mai bincike mai zaman kansa, wato Telly Savalas, ya yi wa Cady tayin kuɗi ya ƙi karɓa, daga ƙarshe ya yi hayar 'yan daba uku su yi masa duka. Cady ya fi ƙarfinsu, lauyan da ke taƙama da doka kuma ya shiga haɗarin rasa lasisinsa. Sai ya ɗana tarko: ya kai iyalinsa wani gidan kwale-kwale a kogin, ya yi kamar ya yi tafiya. Bayan artabu cikin duhu da ruwa, bindiga ta dawo hannun Bowden, amma ya ƙi harbe Cady har lahira, ya zaɓi a mayar da shi kurkuku ya ƙare rayuwarsa a can.

Wasa da kiɗa

Robert Mitchum ne Cady, kuma shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Ba ya ɗaga murya. Tafiyarsa a sanyaye take, idonsa a lumshe kamar mai jin barci, murmushinsa kuwa ya fi zagi ciwo. Wurin da aka fi tunawa shi ne inda ya ritsa Peggy a cikin kwale-kwalen, ya fasa ɗanyen ƙwai a tafin hannunsa ya shafa mata a jiki. Ba a ga jini ba, amma mai kallo ya san abin da ake nufi. A 2003 Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta sanya Cady na Mitchum a lamba ta 28 cikin manyan mugayen fim.

Bernard Herrmann ya tsara kiɗan, George Tomasini ya tace hoton, dukansu abokan aikin shahararren mai ba da umarni Alfred Hitchcock ne, shi ya sa ake jin ƙamshin salonsa. Sautuka huɗu na ƙaho da ke saukowa ɗaya bayan ɗaya suna sanar da Cady tun kafin ya bayyana.

Masu tace fina-finai sun matsa wa aikin. Ba a furta kalmar fyaɗe ko sau ɗaya ba, hukumar Birtaniya kuma ta sa aka yanke wurare da dama, musamman waɗanda ke nuna barazana ga yarinyar.

Maimaicin 1991

Martin Scorsese ya sake yin fim ɗin da Robert De Niro da Nick Nolte da Jessica Lange da Juliette Lewis. A nan Bowden lauyan Cady ne da ya ɓoye hujjar da za ta iya sassauta masa hukunci, zaman kurkukun kuma shekaru 14 ne, don haka shi ma yana da laifi a wuyansa. Elmer Bernstein ya sabunta kiɗan Herrmann, Peck da Mitchum da Balsam kuma suka fito a ƙananan matsayi. A wannan karon Peck ne lauyan Cady, Mitchum kuwa ɗan sanda.