Dokokin hana maguɗin shiga manyan makarantu a Najeriya

Maguɗin shiga manyan makarantu shi ne samun gurbin karatu a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin ilimi ta hanyar da doka ba ta yarda da ita ba. Ya haɗa da sojan gona a ɗakin jarrabawa, da gabatar da sakamakon bogi, da sayen gurbi a hannun dillalai, da ɗaukar ɗalibi ta bayan fage. Tushen matsalar ƙarancin gurabe ne: fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi ke zana jarrabawar shiga a kowace shekara, makarantun da aka fi rububi kuwa ba sa iya ɗaukar ko rabin masu nemansu.

Dokar da ta fara taɓa batun ita ce dokar soja ta 2 ta 1978, wadda ta kafa JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu. Kafin nan kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, har mutum ɗaya yakan riƙe gurabe biyu ko uku alhali wasu ba su samu ko ɗaya ba. A 1989 aka faɗaɗa ikon hukumar ya haɗa da kwalejojin fasaha da na ilimi.

Hukunci ya zo daga baya. Dokar soja ta 20 ta 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, ta tanadi ɗaurin shekara 21 kan maguɗin jarrabawa, hukuncin da tsananinsa ya sa ya fi zama abin tsoratarwa a takarda. Doka ta 33 ta 1999 ta maye gurbinta. A ƙarƙashinta wanda bai kai shekara 18 ba yana iya fuskantar tarar naira dubu 100 ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, malami ko mai sa ido ko ma'aikacin hukumar jarrabawa kuwa ɗaurin shekara huɗu ba zaɓin tara. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar. Sai dai dokar ta fi zura ido ga ɗakin jarrabawa, bayan kuwa yawancin cuwa-cuwar gurbi a ofis ake ƙulla ta, bayan an gama zana komai. Tarar ma tana nan yadda aka rubuta ta a 1999, duk da faɗuwar darajar naira.

Abin da ya fi rage ɓarnar ba daga majalisa ya fito ba, ƙa'idojin JAMB ne. A 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ana tantance ɗalibi da zanen yatsa. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, aka ɓullo da tsarin CAPS, wanda ya wajabta wa kowace makaranta ta bi da sunayen waɗanda za ta ɗauka ta rumbun hukumar. Daga 2021 babu rajista sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Gurbin da aka bayar a wajen CAPS haramtacce ne, kuma ɗalibi ne ke kwana a ciki: sai ya gama karatu, ya zo tafiya bautar ƙasa, sannan a ce sunansa ba ya cikin rajista. Hukumar ta yi shekaru tana yafe irin wannan ɗauka kafin ta sanar da rufe ƙofar a 2024.

A jihar Kaduna batun yana da nauyi, domin nan ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take tun 1962, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga jami'ar jihar da aka kafa a 2004. Hedikwatar hukumar NBTE, mai ƙayyade wa kwalejojin fasaha na ƙasar yawan ɗaliban da za su ɗauka, ita ma a garin Kaduna take. Haka shirin share fage na IJMB, wanda ake shiga aji biyu na jami'a da shi, daga Zariya ake gudanar da shi, kuma sakamakon irin waɗannan shirye-shirye na cikin takardun da JAMB ta tsananta tantancewa saboda masu buga na jabu.

Akwai kuma wata kafa da tsarin rabon gurabe ya buɗe. Jami'o'in tarayya suna ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, cikinsu har da Kaduna. Wannan ya mai da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake kira indijin, kadara mai tsada. Na'urar zanen yatsa tana iya gane mai sojan gona, amma ba ta san garin kakan kowa ba. Wanda aka kama da indijin na bogi a jihar, da sassan jabun takardu da zamba na Final Kod, wato kundin hukunta laifuka na jihar Kaduna, wanda aka sabunta a 2017, za a iya gurfanar da shi.