Odishin na shiga kwalejin kiɗa da yadda ake shirya masa

Odishin na shiga kwalejin kiɗa gwaji ne da ake yi wa mai neman gurbi a makarantar da ta ƙware wajen koyar da kiɗa da waƙa, mutum ya tsaya gaban malamai biyu ko uku ya kaɗa ko ya rera, su saurara su yanke hukunci. Turawa na ce wa irin wannan makaranta konsabatori. Kalmar daga Italiya take, asalinta gidajen marayu ne na birnin Napoli a ƙarni na 16 inda ake riƙon yara ana koya musu kiɗa, daga baya ta koma sunan manyan makarantu irin ta Paris da aka kafa 1795, da Royal Academy of Music ta Landan 1822, da Juilliard ta New York 1905. A Najeriya wacce aka fi sani ita ce ta ƙungiyar kiɗa ta Najeriya, wato MUSON, da ke Onikan a Legas, ƙungiyar tun 1983 take, sai sashen kiɗa na jami'ar Nsukka da ya fara 1961. Fela ma ai a 1958 ya shiga Trinity College of Music a Landan.

Abin da ake nema

Kowace makaranta tana fitar da jerin abin da take so a shafinta, kuma ba a yi masa gyaran fuska. Mai fiyano yawanci za a ce ya kawo kiɗa daga zamunna daban-daban, ɗaya na Bach, sonata ta Mozart ko Beethoven, sai wani na irin su Chopin, kuma duk a haddace, ba takarda a gabansa. Mawaƙi kuwa sai ya rera da Italiyanci ko Jamusanci ko Faransanci ban da Turanci, babu makirfo babu Auto-Tune, muryarka ce kawai za ta cika ɗakin ko ta kasa. Bayan wannan akwai sikel, wato hawa da saukar do re mi a kowane maki (matakin sautin da ake ɗora kiɗa a kai), akwai gwajin kunne inda malami zai buga sauti ka maimaita ko ka tafa bugun, sannan a miƙo ma takardar kiɗan da ba ka taɓa gani ba a ce bismillah.

To nan ne fa ɗan Kano ke shan wuya. Mu kunne ne da mu, wannan kam ba gardama. Yaron da ya taso ɗan amshi a bayan makaɗin kalangu ko kukuma, ko wanda ya koyi fiyano a situdiyon Zoo Road, sau ɗaya zai ji kiɗa ya ɗauke shi tsaf, gwajin kunne wasan yara ne a wajensa. Amma ka ajiye masa layuka biyar ɗin nan da ɗige-ɗigen baƙi a kai sai ya tsaya yana kallo, sabida ba wanda ya taɓa koya masa, shi da ka aka ba shi kamar yadda aka ba maigidansa. Wani ma duk waƙoƙinsa a maki ɗaya yake bugawa, in mawaƙiya ta ce ya yi mata sama sai ya danna tiranspos injin ya sauke. Fiyanon katako ba ta da wannan madanni. Maballanta 88 ne kuma masu nauyi, ba irin na kibod mai 61 da ɗan yatsa ke taɓawa ya yi ƙara ba, wanda bai saba ba minti goma hannunsa ya gaji.

Shi ya sa masu niyya suke farawa da jarrabawar mataki-mataki irin ta hukumar ABRSM ta Ingila wadda take tun 1889, daga gired 1 zuwa 8, MUSON ma tana da tata. A nan cikin gari waɗanda suka fi iya karatun nota, wato rubutun kiɗa, yawanci 'yan kwayar coci-cocin Sabon Gari ne, can ake samun mai koyarwa.

Shiri

Shekara guda ita ce mafi ƙaranci ga wanda ya riga ya iya, wanda zai fara karatun nota daga tushe kuwa sai ya ƙara. Malamai sun fi son a zaɓi kiɗan da mutum ya fi ƙarfinsa, da ka ɗauko babba ka yi ta tuntuɓe gara ƙarami ka goge shi tas. Ana atisaye a hankali da mitronom, na'urar da ke ƙirga bugu, ana ɗaukar kai a waya a saurara (abin ba daɗi, amma waya ba ta jin kunyarka), kuma ana tara 'yan gida ko abokai a kaɗa musu don a saba da rawar jiki. Dole mutum ya iya farawa daga ko'ina, don alƙalan kan katse ka bayan minti biyu ko uku su ce tsallaka gaba, wannan ba ya nufin ka faɗi, lokaci ne ba su da shi. In ka yi kuskure ba a tsayawa ba a komawa baya, wucewa ake.

Makarantun Amurka da yawa sai ka fara tura bidiyo zuwa 1 ga Disamba, in ya yi musu su kira ka wajen Fabrairu ko Maris. Yawancin na Ingila farkon Oktoba suke rufe karɓa ta UCAS, hukumar da ake bi wajen neman gurbin karatu a can. Curtis ta Filadelfiya tun 1928 ba a biyan kuɗin karatu, sai dai shigarta kamar raƙumi ta kafar allura. Berklee ta Boston ta fi sassauci ga mai kiɗan zamani, har ƙirƙira nan take suke sa mutum ya yi.

Bidiyon a ɗauka ɗaya ake so ba yanke-yanke, hannu da fuska duk su fito, kuma a Kano wannan ma aiki ne, ga janareton maƙwabta ga hon ɗin adaidaita sahu, da yawa sai bayan sallar asuba suke samun shiru. Lokacin kuma ya faɗo cikin hunturu, maƙogwaron mawaƙi na bushewa, katakon bayolin, gogen Turawa, yana iya tsagewa maƙullan tsirkiyarsa su riƙa sulluɓewa, masu shi kan saka ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin akwatin su rufe.