Waiwaye: Gubar Dalma a Zamfara da Yaran da Suka Rayu

A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Ba a ɗauki abin da zafi ba sai da aka koma binne yara. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, kafin a ankara rai ya yi halinsa. An zargi sanƙarau, an zargi zazzaɓin cizon sauro, an sha magungunansu ba sauƙi. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da suka shiga yankin a watan Maris don sa ido kan sanƙarau ne suka ankarar da hukuma, kuma da aka gwada jinin yaran sai aka tarar da dalma mai yawan da ke tayar da hankali.

Gwal ne silar abin. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabi bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, manoma da yawa suka koma haƙa, alhali duwatsun da suke samowa cike suke da dalma. Maza su haƙo, a kawo cikin gida, mata su daka a turmi, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gidan da jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Binciken da aka yi a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. A jimlace an yi asarar yara aƙalla 400, dubbai kuma suka kamu.

Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa gubar, don haka dole aka fara kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa. Ƙauyuka bakwai sun samu wannan aikin da wuri. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka share ta, bayan dogon matsin lamba kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi, kuma duk tsawon jiran nan yaranta suna shaƙar ƙurar. A 2015 irin wannan bala'i ya sake aukuwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda suka tsira. Jikin yaro yana ɗaukar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke ɗauka, musamman idan yana da ƙarancin jini. Tana hawa ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba, tana maƙalewa a ƙashi da haƙora, har ta iya fitowa lokacin goyon ciki ta shiga jikin ɗan tayi. Tun 1979 wani likitan Amurka, Herbert Needleman, ya auna dalmar da ke cikin haƙoran da 'yan firamare suka famfare, ya gano cewa masu dalma da yawa sun fi rauni a fahimta, malamansu kuma sun fi kuka da rashin natsuwarsu, ko da yake ba wanda ya kwanta ciwo a cikinsu. Daga nan aka yi ta rage ma'aunin da ake ɗauka a matsayin haɗari: a Amurka ya sauko daga maikirogiram 60 a kowace desilita ta jini a shekarun 1960 zuwa 10 a 1991, zuwa 3.5 a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin da aka san ba ya cutarwa. Kusan duk yaran da aka gwada a Dareta da 'Yargalma sun kai 45 ko sun wuce, kuma magani ba ya dawo da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa.

Jariran 2010 yanzu samari ne da 'yan mata. A cikinsu akwai waɗanda suka makance ko suka shanye, akwai kuma waɗanda lafiya lau ake ganinsu amma karatu ya ƙi zama, ko saurin fushi ya yi musu yawa. Irin wannan yaro a wurinmu daƙiƙi ake kiransa ko gagararre, a bi shi da bulala, ba mai tuna ƙurar da ya haɗiya yana rarrafe. Haƙƙinsu ne a neme su, a duba su, a sanar da iyayensu da malamansu asalin matsalar.

MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin Zamfara a 2022. A ƙarshen 2024 kuma gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sanya wa jihar tun 2019 saboda matsalar tsaro. Dalmar tana nan cikin duwatsun, don haka aikin da ke gaban hakimai da hukumomin lafiya shi ne hana daka da niƙa su a cikin gari, da ci gaba da gwada jinin ƙananan yara a ƙauyukan haƙa.