Ɗumame da ƙanzo a tsarin abincin gida

Ɗumame shi ne tuwon dare da ya kwana, aka sake ɗumama shi da safe tare da miyarsa domin karin kumallo. A gidaje da yawa na ƙasar Hausa ba bisa kuskure tuwon yake raguwa ba, domin uwargida tana auna garin masara, dawa ko gero tun da yamma da lissafin bakunan da za su ci da dare da kuma waɗanda za su karya da safe. Ta haka wuta guda take biyan bukatar ci biyu, a rage kashe itace ko gawayi ko gas, maigida kuma ya huta da cefanen safe.

Akan yanka malmalar a tafasa ta cikin ruwa ko a turara ta a madambaci har zafi ya ratsa tsakiyarta, miyar kuma a tafasa ta kafin a kwanta, a sake tafasawa da asuba. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa sun fi dacewa da wannan, musamman idan an sa daddawa da ɗan man shanu.

Ƙanzo, wato ɓawon tuwo da yake manne a gindin tukunya, ya fi ɗumame daɗewa. Ana kankare shi a shanya a rana ya bushe ƙarau, a adana, ranar da aka bukata sai a jiƙa shi a kwaɗanta da garin ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir da barkono. Wannan kwaɗo ya cancanci a daraja shi fiye da yadda ake yi, saboda ƙuli-ƙulin yana kawo sinadarin gina jiki da hatsi ya gaza a kansa. Dalilin nan ne ya sa haɗa hatsi da wake ko gyaɗa, kamar a garau-garau da ɗanwake, yake maye gurbin nama a ranakun da aljihu ya yi rauni, yayin da zogale, rama da yakuwa suke cike ɓangaren ganye da kuɗi kaɗan. Gidan da ya sayi hatsi da wake a lokacin kaka, ya kuma busar da tumatir da kuɓewa sa'ad da suka yi araha, ba ya jin tsadar tsakiyar damina sosai.

Asarar abinci matsala ce ta duniya, domin rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna an zubar da tan biliyan 1.05 na abinci a 2022, kuma kashi 60 cikin ɗari daga gidaje ya fito.

Sai dai tattali ba ya halatta sakaci da lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi, a riƙe shi ƙasa da digiri 5 ko sama da 60 a ma'aunin Selsiyas, a kuma ɗumama shi har ya yi zafi sosai. Shinkafa tana cikin abincin da ya fi bukatar kulawa, domin wasu ƙwayoyin cuta suna sakin guba a cikinta wadda tafasawa ba ta kashewa. A watannin bazara, inda babu firji ko wutar lantarki ba ta tsayawa, ya fi kyau a dafa shinkafa daidai ci, a bar wa ƙanzo aikin ajiya, kuma duk miyar da ta yi tsami ko kumfa a zubar da ita.